Mai Haƙar Rijiya a Bakin Kogin Wuta

Shekara 19 ke nan ina haƙar rijiyar burtsatse a Gombe da ƙauyukan da ke kewaye, kuma in ka cire aikin Hajji ban taɓa barin Najeriya ba sai a watan Satumbar 2024. Ƙanwata da ke aure a Moncton, cikin lardin New Brunswick na ƙasar Kanada, ita ta sake samun ƙaruwa bayan kowa ya fid da rai, ta kuma dage sai na je. Kuɗin biza dala 100 ne na Kanada, na ɗaukar hoton yatsu dala 85. Tun tana da ciki na cike takardu, amma biza ba ta fito ba sai da yaron ya yi arba'in, don haka ko ƙashin ragon suna ban tarar ba.

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi daga tashar Gombe, muka bi ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi. Na ƙirga shinge 23 kafin Abuja, daga nan na gaji da ƙirga. A Alkaleri direba ya tsaya shan mai, wani dattijo da ke gefena ya nuna kudu da haɓa ya ce can ne Kolmani, inda Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar man fetur a watan Nuwambar 2022. Duk motar aka ɗauki hira, kowa na lissafin arzikin da Arewa za ta samu. Har da ni a masu lissafin. Ba wanda ya ambaci ruwa.

Daga Abuja zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Toronto, ba abin faɗi sai ciwon baya. A Toronto jami'ar kwastan ta buɗe jakata, ta shinshina daddawa ta yamutsa fuska ta mayar, kuka da kuɓewa da goro duk suka wuce. Da ta zo kan kilishi sai ta ce nama ba ya shiga ƙasar. Kilishin naira 40,000 ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara, tana ba ni haƙuri cikin fara'a kamar wadda ta yi mini kyauta. Jirgin ƙarshe zuwa Moncton awa biyu ne.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a ƙasar nan shi ne ruwa. Tun daga tagar jirgi nake ganin tafkuna da rafuka barbaje cikin daji ba masu ɗiba. A gidan ƙanwata famfo ɗaya ne ake sha, ake wanka, ake wanke mota, har ciyawar ƙofar gida tana da nata rabon. Ni da na taɓa sauka ƙasa sama da mita 200 a wajen Dukku na fito da busasshiyar ƙura, mai gida yana tsaye ya sayar da shanu biyu don aikin, sai na riƙa kashe famfo ina bin yara da faɗa, suna mini dariya.

Ranar nan wata abokiyar aikin ƙanwata ta zo ganin jariri. Da ta ji sana'ata sai ta gyara zama, ta ce ai kuwa ya kamata in ga gwaggonta, domin mutanen garinsu sun taɓa shafe wata da watanni suna gwagwarmaya, har da tare hanya, a kan ruwan rijiya. Ita 'yar ƙabilar Mi'kmaq ce, a baki kamar ka ce Migma, mutanen da Turawa suka tarar a wannan gaɓar teku. Garinsu Elsipogtog, ma'anarsa kogin wuta. A raina na ce, mutanen da ruwa ya yi wa yawa haka, me ya yi zafi? Ƙoshi ne kawai. Amma a fili na ce ina so.

Kafin mu tafi ta ja kunnena cewa ba a zuwa wurin dattijo neman magana hannu rabbana, taba ake kaiwa. Ni da ko warinta ba na so, sai ga ni a kanti ina tambayar garin taba. Ba a ma baje ta a fili, a bayan wani murfi take sai ka tambaya, kuma 'yar ƙaramar jaka ta ci kuɗin da ya fi na buhun siminti uku a gida. Na haɗa da goro fari guda biyar daga cikin tsarabata.

Babban ɗan ƙanwata, ɗan shekara 19 da ke jami'a, shi ya ja mota ranar Asabar 28 ga Satumba. Muka bi hanya mai lamba 15 zuwa Shediac, inda suka kafa gunkin lobsta, wata halittar teku mai ɓawo da ƙugiyoyi kamar na ƙaguwa, ƙato kamar motar tifa, sannan muka miƙe arewa a kan hanya ta 11. Tafiyar awa ɗaya ce. Ba shinge ko ɗaya, ba ɗan sanda, ba mai karɓar na goro, sai allunan gargaɗi masu hoton wata dabba da suke kira mus, mai tsawon ƙafa kamar raƙumi da ƙaho kamar faranti. Gidaje da yawa sun kafa tutar Faransa mai tauraro rawaya a kusurwa. Yaron ya ce, "Kawu, waɗannan Akadiyawa ne, jikokin Faransawan da Ingilishi suka kora a 1755, wasu suka ɓuya, wasu suka dawo." A Bouctouche muka tsaya cin abinci, na nuna wani curi mai kama da tuwon dawa, ya riƙe mini hannu da sauri ya ce dankali ne amma naman alade ke cikinsa. Na koma kan burodi da naman lobsta, dala 26, ina ci ina gode wa Imamu Malik da bai ƙuntata mana a kan abin teku ba. Wajen biya sai na ga kuɗin ya haura abin da ke rubuce. Ashe harajin kashi 15 cikin 100 sai a gaban mai karɓar kuɗi ake ɗora shi.

Rexton ƙaramin gari ne a bakin kogin Richibucto, ko Kumo ta fi shi cika nesa ba kusa ba, amma a nan aka haifi Bonar Law wanda ya yi firaministan Birtaniya a 1922. Daga nan muka juya yamma a kan hanya ta 116, kogi na bin mu a gefe, har Elsipogtog. Ƙaramin gari ne. Gidajen katako, wasu fes, wasu sun sha jiki, tarkunan lobsta jibge a tsakar gida, yara da yawa sanye da riguna ruwan lemo saboda ranar 30 ga wata ce ranar tunawa da 'ya'yansu da aka riƙa ƙwacewa ana kaiwa makarantun kwana don a raba su da harshensu.

Gwaggon ta haura shekara 70, gajeriya, muryarta a dushe. Ta karɓi tabar da hannu biyu, ta riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci kafin ta ajiye. Goron kuwa ta gutsura ɗaya, ta runtse ido, ta ce da 'yar ɗan'uwanta, "Wannan baƙon naki da me na yi masa laifi?" Muka kwashe da dariya. Daga nan ta koma kirana nitap, wato aboki, ni kuma ina ce mata Inna, na gaya mata abin da yake nufi.

Ita ta fara da tambaya. Ta ce tunda ni mai haƙa ne, in gaya mata tsakanina da Allah: ramin da aka zuba wa siminti zai iya yoyo ko ba zai iya ba?

Sai na fahimci abin da ya sa aka kawo ni. Aikin da suka ƙi, wanda ake kira firakin, ɗan'uwan sana'ata ne na nesa. Akwai wani dutse a can ƙasa, tsohuwar laka ce da ta daskare faifai-faifai, iskar gas na maƙale a cikinsa ba ta da hanyar fita. Sai a haƙa rami kilomita biyu ko fiye, a lanƙwasa bututu ya kwanta cikin dutsen, a ɗura ruwa da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage. Yashin ya tokare tsagar, gas ya samu hanya. Rijiya ɗaya kan sha lita miliyan 10 ko fiye, tankar mai irin tamu mai lita 33,000 sama da 300 ke nan. Wani kaso na ruwan yakan dawo sama da gishiri da dattin ƙarƙashin ƙasa, sai an nemi inda za a kai shi. Kamfanoni sukan ce ruwan sha yana can sama kusa, dutsen gas yana can ƙasa nesa, tsakaninsu duwatsu ne masu kauri. Wannan gaskiya ne. Sai dai ramin dole ya ratsa ta cikin ruwan shan kafin ya kai ƙasa, kuma abin da ya raba su bututun ƙarfe ne da siminti.

Na ce, "Inna, siminti aikin hannun mutum ne. In an yi shi da kyau yana riƙewa. Amma ni kaina na sha ganin rijiyar da ruwan masai ya gangara ta bayan kesin, wato bututun da ake zurawa cikin ramin, ya shiga, don an yi rowar buhu biyu." Ban gaya mata cewa wasu daga cikin rijiyoyin ni na haƙa su ba.

Ta gyaɗa kai, sannan ta ba da labari. A 2010 gwamnatin lardi ta ba kamfanin SWN, reshen wani kamfanin gas na Houston a Amurka, izinin neman gas a fili sama da hekta miliyan ɗaya. A 2013 motocinsu suka iso wannan yankin. Ba su fara haƙa ba, awo kawai suke yi: manyan motoci masu faranti a ciki, su dafa shi a kan kwalta su girgiza ƙasa, na'urori su saurari amsar. Irin saben da muke yi kafin haƙa ne, sai dai namu da waya da batir. Tun daga wannan matakin mata suka fito. A al'adarsu mace ce mai tsaron ruwa, ta ce, domin a cikin ruwa take ɗaukar ɗa wata tara. Samqwan suke ce wa ruwa. Suka kunna wuta a mararrabar hanya ta 126 da ta 116, wutar da ba a bari ta mutu dare da rana, ana zuba mata taba ana addu'a, ana kaɗa ganga. Tun a watan Yuni aka fara kama mutane. Sun kuma ji labarin Penobsquis, wani ƙauye a kudancin lardin, inda rijiyoyin gidaje da dama suka ƙafe tun wajen 2004, mutanen wurin suna zargin ma'adinin da ake haƙa kusa da su da irin wannan awon. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta.

A ƙarshen Satumba suka tare hanya ta 134 kusa da Rexton, a bakin filin da aka ajiye motocin awon, suka hana su fita. Ranar 1 ga Oktoba shugaban garin na lokacin, Aaron Sock, ya ba kamfanin sanarwar ya tattara ya bar musu ƙasa. Kamfani ya samo umarnin kotu. Da sassafen 17 ga Oktoba 'yan sandan tarayya, RCMP, suka dira da karnuka da bindigogi, wasu cikin kakin daji kwance a ciyawa. Aka fesa barkonon tsohuwa, aka harba harsasan da ba sa kisa, aka kama mutum 40 har da shugaban garin, aka ƙona motocin 'yan sanda shida. 'Yan sanda sun ce sun samu bindigogi da abubuwan fashewa a sansanin. Inna ba ta ɓoye ba, ta ce ƙona motocin bai yi mata daɗi ba, don daga ranar gidajen talabijin suka bar maganar ruwa suka koma nuna hayaƙi.

Ta tashi ta ciro wani hoto daga jikin firij, gefensa duk ya naɗe. Mace ce durƙushe a tsakiyar kwalta, ta ba kyamara baya, ta ɗaga gashin mikiya guda ɗaya da hannu, a gabanta jerin 'yan sanda sun cika hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Amanda Polchies sunanta, 'yar garin ce, wani ɗan jarida Ossie Michelin ya ɗauka da waya, hoton ya zaga duniya. Na daɗe ina kallonsa. Abin da ya tsaya mini shi ne tazarar da ke tsakaninta da takalmansu, ba ta fi taku kaɗan ba.

Na tambaya mutum nawa aka kashe ranar. Ta dube ni da mamaki ta ce ba ko ɗaya. Na yi shiru, don wata biyu kacal kafin nan aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a gida, kuma an binne matasa a Kano da wasu garuruwa. Yaron ƙanwata ya fara yi mata bayani, na taka masa ƙafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki bai wuce maganar takarda ba. Na ce, Inna, ai ƙasa ta gwamnati ce, in ta ba da izini magana ta ƙare. Haka na taso na sani. A wurinmu Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na tarayya ne, kai dai a biya ka kuɗin amfanin gona da bishiya. Kafin wannan ma, a 1903 Lugard ya tsaya a Sakkwato ya ce sun ci ƙasar da yaƙi don haka mulkinta ya koma hannunsu, aka kuma ƙarasa zancen a Mbormi, nan kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ta ce su ba haka tasu take ba. Kakanninsu sun yi yarjejeniyar zaman lafiya da abota da Ingilishi, tun daga 1725 har zuwa ta 1760 da 1761, kuma babu layi ɗaya a ciki da ya ce sun sallama ƙasa. Kusan rabin lardin ana kiransa ƙasar Sarauta, wato filin da gwamnati ke riƙe da shi da sunan sarautar Ingila, su kuma suna tambaya: wa ya ba Sarautar? Ba tatsuniya ba ce, domin a 1999 kotun ƙolin Kanada ta yi hukunci da waɗannan takardun a shari'ar Donald Marshall, wani ɗan Mi'kmaq da aka kama don ya kama wani kifi mai kama da maciji ya sayar ba lasisi, kotu ta wanke shi. A 2016 Elsipogtog ta shigar da ƙarar neman a tabbatar mata da mallakar yankin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na lardin. Tsohuwar da ba ta gama sakandare ba tana jero mini shekarun yarjejeniya kamar mai karanta Fatiha, ni kuwa ko takardar gonar mahaifina ban san inda take ba.

Aka kawo abinci: kifi gasasshe, dankali, da wani burodi mai nauyi da suke kira luskinikn, ana dangwala shi a baƙin ruwan rake. Akwai farfesun naman mus, na ba da uzuri, ba ta ji haushi ba. Da la'asar ta yi ta ba ni tawul mai tsabta na shimfiɗa a ɗakin jikanta.

Kamfanin dai ya ƙarasa awonsa a watan Disambar 2013, da rakiyar 'yan sanda, ya tafi. Amma a zaɓen Satumbar 2014 David Alward, shugaban gwamnatin lardin da ya ɗaure wa gas gindi, ya faɗi. Brian Gallant da ya gaje shi ya dakatar da firakin, ya kafa sharuɗɗa biyar, ciki har da yardar jama'a, da sanin inda za a kai gurɓataccen ruwa, da tuntuɓar 'yan asalin ƙasa. A 2016 aka mayar da dakatarwar ta sai abin da hali ya yi. Gwamnatin Blaine Higgs da ya gaji Gallant ta sassauta ta a yankin Sussex a 2019, amma a wannan yankin ba a fasa dutse ko ɗaya ba. Lokacin da muka je ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, allunan 'yan takara a kowace ƙofa.

Muka kwana a wani ƙaramin masauki kusa da Richibucto, dala 140, na buga da naira 1,200 na kasa barci da wuri. Da safe a wurin shan kofi na haɗu da wani Bature mai gyaran injin jirgin ruwa, shi kuma ra'ayinsa daban. 'Ya'yansa biyu maza suna can Alberta, tafiyar yini guda a jirgin sama, suna aikin mai, jikokinsa a waya yake ganinsu. Ya ce lardin talaka ne, matasa na gudu, gas ɗin da suke ƙonawa ma daga wani wuri ake fasa dutse a kawo musu, to wane tsarki ne wannan? Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na san gidaje a Gombe da duk samarinsu suna Legas da Fatakwal.

Kafin mu juya, abokiyar aikin ƙanwata ta kai mu gidan wani tsoho Ba'akadiye da suka kwana tare a bakin shinge a 2013, don ba Mi'kmaq kaɗai suka fito ba, har da masu jin Faransanci da masu jin Ingilishi, mutanen da a da ba sa ko shiga sabgar juna. Ya zaga da ni bayan gida ya nuna mini rijiyarsa. Kesin ƙarfe ne mai inci 6, ya ɗago sama da ƙasa kamar kamu biyu, da murfi mai kusoshi, an tula ƙasa kewaye da shi yadda ruwan sama zai gangare nesa. Mahaifinsa ya haƙa ta. Na durƙusa na ƙwanƙwasa ƙarfen, na duba bakin, ba tsaga ba tsatsar kirki. Gidajen karkarar nan kowa da irin tasa, ba famfon gwamnati, in ta lalace ba mai kawo maka tanka, gidan ma ba mai saye. Ya tara mini a kofi daga famfon kicin. Sanyi har haƙori, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe kaɗan irin na ruwan wajen Bauchi. Na shanye na nemi ƙari.

Muka dawo ta hanya ta 126 don in ga inda aka kunna wutar. Mararraba ce kawai cikin daji, ciyawa da bishiyoyin da ganyensu ya fara ja. Mus ɗin da aka yi ta tsorata ni da ita ban gan ta ba har na bar ƙasar.

Na dawo gida tsakiyar Oktoba, bayan mako guda ƙanwata ta turo saƙo cewa Higgs ya faɗi zaɓe, mace ta hau, Susan Holt. A Alkaleri na tambayi direba labarin Kolmani, ya ce shi dai tun ranar biki bai sake jin ɗuriyarta ba.

Aikina na farko bayan dawowa a wani ƙauye ne bayan Kumo, rijiyar gida, masai bai fi taku 15 daga inda mai gidan ya nace a haƙa ba. Da muka sa kesin na ce a kawo siminti a cike bayansa tun daga mita 6 har sama. Mai gidan ya ce shi bai san da wannan a lissafi ba, maƙwabcinsa ma da yashi aka cike masa. Buhu uku ne. Na tura yaro kasuwa da kuɗin aljihuna, sauran yaran suka zauna a inuwar mota suna jira, babbansu yana tambayata ko a Kanada aka ce a riƙa yin haka.